Zaure Ko Samaru: Ƙaramar Kwaleji Da Babbar Jami'a A Ma'aunin Zariya

Duk wanda ya tsaya a bakin Ƙofar Doka da hantsi zai ga ɗalibai iri biyu suna saɓani. Waɗansu suna fitowa daga cikin Birni da jakunkuna a kafaɗa, suna neman motar Samaru ko ta Kongo. Waɗansu kuwa shiga suke yi, da littattafai a gafaka ko a hammata, sun nufi zaurukan malaman Unguwar Juma da Kona. Na farkon za su zauna a ɗakin lacca tare da ɗaruruwan 'yan'uwansu. Na biyun a kan tabarma za su zauna, su goma ko ashirin, gaban malamin da ya san sunan kowannensu, sau da yawa har da sunan mahaifinsa.

Wannan bambanci ya daɗe a Zariya, amma a 'yan shekarun nan ya shigo gidajen ma'aikata da sabuwar kama. Yaro ya gama sakandare, lokacin cika takardar JAMB ya yi, sai maigida ya zauna yana lissafi: a nema masa Jami'ar Ahmadu Bello, ko kuwa a ƙuƙuta, a sayar da gona ko fili, a kai shi ɗaya daga cikin ƙananan jami'o'in kuɗi da ke alkawarin ajin mutum talatin da gama karatu a kan kari?

A ƙasar Amurka wannan muhawara ta fi ƙarfi, domin a can ne ake da tsarin biyu sosai da sosai. Suna da waɗansu ƙananan kwalejoji masu zaman kansu, irin su Williams da aka kafa a 1793 da Amherst ta 1821, waɗanda ɗaliban kowace ba su wuce kimanin dubu biyu ba. Manufarsu faɗaɗa ilmi: ɗalibi yakan ɗanɗani tarihi da lissafi da adabi da kimiyya kafin ya tsai da fanni guda, kuma aikin malami na farko shi ne koyarwa. A ɗaya ɓangaren akwai manyan jami'o'in jihohi, waɗanda da yawansu suka samo asali daga dokar Morrill ta 1862, wadda ta ba jihohi filaye domin su kafa makarantun noma da sana'o'in injiniya saboda 'ya'yan talakawa. Dukkan tsarin biyu sun taɓa Nijeriya. Dokta Nnamdi Azikiwe ya yi karatu a ƙaramar Jami'ar Lincoln ta Jihar Pensilbaniya, inda Kwame Nkrumah ma ya yi. Babbar Jami'ar Jihar Kansas kuwa ita ta taimaka wa Samaru wajen gina sashen noma da na likitancin dabbobi a shekarun 1960.

Amma fa mutumin Zazzau ba ya bukatar zuwa Amurka kafin ya san amfanin ƙaramar makaranta. Tun kafin zuwan Turawa Birnin Zariya ya yi suna wajen nahawu da lugga da fiƙihu, har almajirai suna tasowa daga ƙasashe masu nisa domin su. Tsarin zaure kuwa, in aka dube shi da kyau, ya ƙunshi yawancin abin da waɗancan kwalejoji suke alfahari da shi. Ɗalibi shi ke zaɓen malaminsa, shi da malamin ke tsai da littafin da za a karanta. Yakan fara da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, in ya yi nisa ya kai ga Muhtasar. A nahawu ya tashi daga Ajurumiyya zuwa Alfiyya, a lugga ya sha Maƙamatul Hariri, a tafsiri Jalalaini. Kowa yana karanta darasinsa da bakinsa, malam yana fassarawa yana warware masa, sauran suna sauraro suna ƙaruwa da karatun da ba nasu ba. Babu wurin ɓuya a zaure. Wanda bai yi bita ba, layi biyu zai karanta a gane shi. Wanda ya yi fashin kwana uku za a aika a dubo lafiyarsa. In ɗalibi ya sauke littafi, iznin da za a ba shi sunan malaminsa yake ɗauke da shi, da sunan malamin malaminsa, watau mutum ne ya tsaya wa mutum.

Zaure kuma yana da nasa rauni, wanda masu yabonsa kan manta. Makarantar a wuyan mutum guda take rataye. In ya rasu bai bar magaji ba, sai ta watse. Ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ba ta fitar da likita ko injiniya, kuma izninta ba ya shiga fayil ɗin ma'aikata.

Ko a ɓangaren boko ma da ƙaramar makaranta Arewa ta fara. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan ta zo Zariya a 1949, ita ce daga baya aka raɗa wa suna Barewa a 1971. A zamaninta na Katsina 'yan ɗalibai kaɗan take ɗauka kowace shekara, malamai suna zaune kusa da su, suna lura da karatunsu da tufafinsu da yadda suke furta Turanci. A nan Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Balewa suna biye da shi. Haka kuma Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Sana'o'i ta Nijeriya, reshen Zariya, wadda ta zauna a Samaru kafin jami'a: a cikin ɗan ƙaramin sashenta na zane ne waɗansu ɗalibai, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon zanen Turai kaɗai ba. Mutanen da ba su cika aji guda ba suka sauya alƙiblar zane a ƙasar nan.

To, ga abin lura. Sardauna ɗan ƙaramar kwaleji ne, ya san daɗinta fiye da kowa, amma da mulki ya zo hannunsa babbar jami'a ya gina. Dalilin a fili yake. Ƙofar Kwalejin Katsina ƙunci gare ta ƙwarai. Larduna ke zaɓo yaran, yawancinsu daga gidajen sarauta da na ma'aikatan En'e, kuma babu mace ko ɗaya. Ta fitar da shugabanni, amma ba ta iya cika ofisoshi da asibitoci da kotuna ba. Lokacin da mulkin kai ya gabato, masu digiri 'yan Arewa ana iya lissafa su da suna, irin su Dokta Barau Dikko na Wusasa, likitan farko daga Jihar Arewa. Bayan rahoton hukumar Ashby na 1960, sai aka harhaɗa makarantun da ke akwai, watau kwalejin Samaru, da Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo, da tashar binciken noma, da kwalejin Kano wadda ta zama Abdullahi Bayero, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba, 1962, Sardauna yana uban jami'a, Dokta Norman Alexander yana shugabanta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ita kanta jami'ar da ɗalibai 426 ta fara. A ma'aunin Amurka, wannan ko ƙaramar kwaleji bai cika ba. Tsofaffin ɗalibai masu ba da labarin zamanin Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabance ta daga 1966 zuwa 1975, suna tuna malamai masu gayyatar ɗalibai gida da ajin da ake muhawara a cikinsa, labarin ƙaramar makaranta suke bayarwa, ko da ba su lura ba. Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar a 1975, kuɗin mai ya shigo, aka kafa JAMB a 1978, ɗalibai suka yi ta ninkuwa har suka kai dubun dubata.

Girman nan ya zo da alheri wanda ƙaramar makaranta ba ta iya kawowa. Ɗalibin Samaru yana da Laburaren Kashim Ibrahim, da asibitin koyarwa na Shika, da Cibiyar Binciken Aikin Gona wadda irin masara da dawa da auduga da ta inganta ya bazu a gonakin Arewa. Yana iya karanta likitanci ko ginin gidaje ko harhaɗa magunguna, fannonin da kayan aikinsu ya fi ƙarfin mai makaranta guda. A sashen tarihi ne Farfesa Abdullahi Smith da Dokta Yusufu Bala Usman suka raini masana waɗanda suka sake rubuta tarihin ƙasar Hausa daga takardun mutanenta. Sa'an nan akwai cuɗanya. Ɗan Birni wanda bai taɓa wuce Kaduna ba yakan sami kansa ɗaki ɗaya da Tibi da Bayarabe da Babarbare, ɗan masinja da ɗan babban sakatare suna layi guda wajen rajista. Wannan wani karatu ne da ba a rubuta shi a manhaja ba, kuma a makarantar da kuɗi ke tace masu shigarta ba a cika samunsa ba. Uwa-uba kuma sauƙin kuɗi: duk da ƙarin da jami'o'in tarayya suka yi a 2023, abin da ake biya bai kama ƙafar na jami'o'in kuɗi ba, ga kuma asusun ba ɗalibai rance da ya fara aiki a 2024.

Hasarar girman kuwa a ajin shekarar farko take bayyana, a nan da sauran manyan jami'o'in gwamnati. Yaro ɗan shekara 17, wanda jiya malamin sakandare yake kiransa da suna, yau ya zama lamba. Malamin da ke da takardun jarrabawa ɗari biyar a gabansa ba zai iya zama ya gyara wa kowa jimla ba, komai kyan niyyarsa. Mai ƙwazo da baki yakan kutsa ya sami malamai a ofis. Mai kunya yana iya shekara huɗu babu malamin da ya san fuskarsa, ranar da zai nemi takardar shaida domin ƙarin karatu ya rasa wanda zai rubuta masa. Sai kuma yajin aiki. Na ƙungiyar ASUU na 2020 ya ɗauki wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Digirin shekara huɗu ya koma biyar ko shida. Ga 'ya mace, wadda ake jiran ta gama a yi mata aure, wannan jinkiri sau da yawa shi ne ƙarshen karatun, kuma wannan ne dalilin da ya fi tura iyaye wajen jami'o'in kuɗi, fiye da ƙanƙantar aji.

Su jami'o'in kuɗin sababbi ne a ƙasar nan. Waɗanda aka fara kafawa a ƙarshen Jamhuriya ta Biyu, gwamnatin soja ta rufe su da doka a 1984. Sai a 1999 aka ba guda uku lasisi, watau Igbinedion da Babcock da Madonna. A Arewa, Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005, ita ce kuma ta fito fili ta ce tsarin Amurka take bi. Al-Qalam ta Katsina ta samu a wannan shekara. Ta Maryam Abacha da ke Maraɗi ta biyo baya a 2013. Yanzu jami'o'i masu zaman kansu sun haura ɗari.

A nan ya kamata maigida ya yi hattara, domin ƙanƙanta daban, faɗaɗa ilmi daban. Yawancin waɗannan makarantu fannonin da ke da kasuwa suke koyarwa, irin su akanta da kwamfuta da shari'a da aikin jinya. Tarihi da falsafa da harsuna, waɗanda su ne ƙashin bayan kwalejojin Amurka, ba su cika samun shiga ba. Tsarin ƙasar ma bai ba da wannan dama ba, tun da yaro yakan zaɓi fanninsa ne tun a takardar JAMB, Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa kuma ita ke tsara mafi yawan manhajar kowace jami'a, ta gwamnati ce ko ta kuɗi. Har ila yau, sanannen abu ne cewa da dama daga cikin ƙananan jami'o'in da malaman aro suke tafiya, waɗanda ke zuwa daga jami'o'in gwamnati su yi lacca su koma. Ajin mutum talatin wanda malaminsa baƙon kwana biyu ne bai ba ɗalibi abin da zauren Kona ke bayarwa kyauta ba. Saboda haka kafin a sayar da gonar gado, ya kyautu a je a gani da ido, a tambayi malamai nawa ne na dindindin a sashen da yaron zai shiga, ko hukuma ta amince da fannin, da kuma wanda ke duba rubutun ɗalibi ya mayar masa da gyara. In amsoshin sun gamsar, kuma aljihu zai ɗauka har shekara huɗu ba tare da an tauye ƙannensa ba, to yaro mai kunya ko mai rauni a karatu zai fi amfana a can. In kuwa likitanci ko injiniya yake so, ko kuwa yaro ne mai iya nema wa kansa, da wuya a sami dalilin wuce Samaru.

A cikin babbar jami'ar ma akwai ƙananan makarantu ga wanda ya san inda suke. Sassan da ba a rububinsu, kamar na harsuna da na binciken kayan tarihi, ajinsu bai kai na akanta ko na shari'a cika ba, kuma a shekarar ƙarshe kowane ɗalibi yana da malami guda mai duba kundinsa, wanda dole su zauna ido da ido. 'Yan Birni kuwa da yawansu sun daɗe da haɗa biyun ba tare da wata hukuma ta tsara musu ba. Tsakanin Samaru da ganuwa bai fi mil goma ba. Ɗalibin shari'a na Kongo ko na injiniya na Samaru yakan dawo gida da la'asar, ya ajiye jakar lacca, bayan Magariba ya ɗauki Risala ya nufi zauren malaminsu, ya zauna a layi yana jiran karatu ya zo kansa.