Haɗa Kunun Zaƙi A Gida: Ina Iyakarsa Da Giya?

Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari da tsakar rana a watan Afrilu ya san darajar kunun zaƙi mai sanyi. Masu talla na kewayawa tsakanin dilolin atamfa da shadda ɗauke da kuloli, kafin la'asar robobi sun ƙare. Mai juna biyu ma, musamman a watannin laulayi, sau da yawa kunun ne kaɗai ke zama mata a ciki. Shi ya sa mata da yawa a Fagge da Sabon Gari ke son koyon haɗa nasu a gida. Wannan shawara ce mai kyau, amma akwai abin da ya kamata uwargida ta sani kafin ta ɗora tukunyar farko: kunun zaƙi da burkutu daga hatsi ɗaya suke fitowa, kuma babban abin da ya raba su shi ne tsawon lokacin da aka bar su suna tsima.

Yadda abin yake

Idan aka jiƙa dawa ko gero har suka yi tsiro, tsiron na fitar da wani sinadari da ke mayar da sitacin hatsi ya koma sukari. Daga nan zaƙin kunu yake samuwa. To sai dai a jikin hatsi da cikin iska akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Wasu na cin sukarin su ba kunu ɗan tsaminsa mai daɗi. Wasu kuwa, dangin yis ɗin da ake sa wa burodi, suna cin sukarin su fitar da iska da barasa. Masu dafa burkutu waɗannan na biyun suke ba dama: su dafa tsiron dawa, su bar shi kamar kwana 2 yana kumfa, har barasar cikinsa ta kai kashi 3 zuwa 6 cikin 100, kusan daidai da giyar kwalba. Kunun da aka haɗa jiya aka sha yau ba ya bugarwa. Amma wanda ya kwana biyu ko uku a zafin Kano ba tare da firji ba ya kama hanya.

Tukunyar farko

Ki fara da kaɗan, kamar gwangwani 6 na gero da gwangwani 1 na tsiron dawa ko na shinkafa. Ki tsince hatsin da kyau, duk wanda ya yi fumfuna ko yake warin ruma ki zubar, domin fumfuna na iya ɗauke da guba mai lahanta hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Ki jiƙa geron ya kwana, ki wanke, ki markaɗa da citta da kanumfari da ɗan busasshen dankali. Tsiron kuma a markaɗa shi daban.

Ki dama ƙullun gero da tafasasshen ruwa har ya yi kauri kamar koko. Ki bari ya huce, ya zama ɗumin da yatsa zai iya jurewa, sannan ki zuba ƙullun tsiron ki juya. Idan da zafi sosai, tsiron ba zai yi aiki ba. Ki rufe shi ya kwana, da safe ki tace da ƙyalle mai tsabta. Ki lura, ƙullun tsiron ɗanye ne, saboda haka ruwan markaɗe da na tacewa duk su kasance dafaffu da suka huce. Ta gurɓataccen ruwa taifot da kwalara suke shigowa, kuma gudawa ga mai ciki ba abin wasa ba ce. Ki sha a ranar, ragowar ki sa a firji. Wadda likita ya ce tana da ciwon sukari na ciki ta tambaye shi tukuna, domin kunun na da zaƙi ko ba a ƙara masa sukari ba.

Kada ki ƙara wa kunu wani garin da ba ki san asalinsa ba. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta a asibitocin Kano, wasu sun rasu, bayan sun sha abin sha da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami da garin lemo, har hukumar NAFDAC ta shiga bincike.

Alamun kunu ya juya

Robar ta kumbura, ko ta yi tsuwa idan aka buɗe murfi. Kumfa na tasowa da kanta. Tsami ya yi ƙarfi. Wari ya canza yana hawa hanci. Idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, a gida ne ko wajen mai talla, ki haƙura da shi.

Me ya sa muke tsanantawa?

Barasar da uwa ta sha tana ratsa mabiyiya ta shiga jinin ɗan tayi, shi kuwa hantarsa ba ta yi ƙwarin da za ta sarrafa ta ba. A 1968 wani likitan yara a Faransa, Paul Lemoine, ya bayyana irin lahanin da ya gani a 'ya'yan mata masu shan giya. A 1973 likitoci biyu a Amurka, Kenneth Jones da David Smith, suka ba cutar suna. Yaro kan zo da ƙarancin nauyi, ƙaramin kai, da wahalar koyon karatu, kuma wannan lahani ba ya warkewa. Babu wani adadin barasa da aka tabbatar ba ya cutar da ciki, a kowane wata.

A wasu gidaje akan ce burkutu ko baƙar giyar kwalba na ƙara jini, ko suna kawo ruwan nono. Ba haka ba ne. Maganin ƙarin jini da ake ba ki wajen awo, da wake, hanta, zogale da alayyafo, su ke ƙara jini. Barasa kuwa tana bi ta nono ta kai ga jariri.

Idan kin sha giya kafin ki san kina da ciki, kada kunya ta hana ki magana. Ki daina daga yau, ki kuma faɗa wa likita ko ungozoma ranar awo. Maigida da surukai su ma su taimaka wajen lura da abin da ake kawo wa mai ciki. Allah Ya sauke ku lafiya.