MURHUN JIN ƊUMI NA TSAKAR GIDA: YADDA AKE ZAƁENSA, DA AIKI DA SHI, DA KAUCE WA HAƊARINSA

Gabatarwa

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa cikin watan Maris, iskar hunturu takan taso daga hamadar Sahara, ta biyo ta arewa maso gabas, ta game ƙasar nan da ƙura da sanyi. A wannan lokaci ne ciyawa da kara da jinka suke bushewa ƙayau, a lokacin ne kuma jama'a suka fi bukatar wutar jin ɗumi da asuba da kuma da dare. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ita ke sa gobara ta yawaita a birane da ƙauyuka, a yi hasarar rayuka da dukiyar da aka daɗe ana tarawa.

Manufar wannan 'yar takarda ita ce ta bayyana wa jama'a wani irin murhun jin ɗumi mai bututu, wanda ake kira ciminiya, da ƙa'idodin aiki da shi. Yawancin ƙa'idodin nan sun shafi kaskon wuta da aka saba da shi a gidajen ƙasar nan. Tushensu duka guda ne, watau wutar jin ɗumi wurinta sarari, a kan ƙasa mai tauri, a gaban idon babban mutum.

Mene ne Ciminiya?

Asalin wannan murhu daga ƙasar Meziko yake, inda mutanen karkara suka daɗe suna gina shi da yumɓu domin jin ɗumi da gasa abinci. Sunan kuwa daga harshen mutanen Sifen ya fito, ma'anarsa bututun hayaƙi. Daga baya ya bazu zuwa Amurka da Ingila, inda ake girka shi a lambun gida ana zama kewaye da shi da maraice.

Siffarsa kamar ta tulu ce mai dogon wuya. Yana da faffaɗan ciki inda wuta take ci, da baki guda a gefe inda ake sa itace, sa'an nan da wuya mai tsawo a sama. Sa'ad da wuta ta kama, iskar da ke ciki takan yi zafi, ta yi rashin nauyi, ta hau ta cikin wuyan, ta ja sabuwar iska ta shigo ta bakin. Ta haka wutar take samun iska ba tare da fifita ba, hayaƙi ya tashi sama da kawunan mutane, jikin murhun kuma ya riƙe zafi yana sakinsa a hankali. Fifikonsa a kan kasko shi ne wutar a killace take, iska ba ta watsa garwashi da sauƙi. Amma tartsatsi yana iya fita ta wuyan, jikinsa kuma yakan yi zafin da zai sale fatar wanda ya taɓa shi.

Yadda Ake Zaɓe

Akwai na yumɓu, akwai na ƙarfe. Na yumɓu ya fi araha, amma ba ya jure faɗuwa, ba ya kuma jure sauyin zafi da sanyi farat ɗaya. Na baƙin ƙarfen zubi yana da nauyi ƙwarai, yana ɗaukar wuta mai ƙarfi, yana daɗewa, sai dai yana tsatsa idan aka bar shi a ruwa. Na alminiyam, irin wanda ake zuba tukwanen girki da shi, ba ya tsatsa, ba shi da nauyi sosai. Na siririn ƙarfe kuwa shi ne mai saurin lalacewa, gama wuta da tsatsa sukan huda gindinsa. Araha dai ba ta ado.

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Ko saye za a yi, ko maginin tukwane ko maƙeri za a sa ya yi, a lura da waɗannan:

1. A ƙwanƙwasa na yumɓu kamar yadda ake gwada tukunya a kasuwa. Mai lafiya yana amsawa garau, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take.

2. A duba mahaɗar wuya da ciki da kyau, domin sau da yawa dabam-dabam ake gina su sa'an nan a haɗa, nan ne kuma ya fi saurin karyewa.

3. A tabbata yana da mazauni na ƙarfe mai ƙafafu masu ƙarfi, wanda ba ya rawa idan an taɓa shi.

4. A nemi mai murfin wuya saboda ruwan sama, da ragar waya ta tare tartsatsi a wuya da baki.

Wurin Girkawa

A girka murhu a fili, a kan daɓe, ko siminti, ko bulo, ko tsurar ƙasa da aka share. Wurin ya zama a daidaice, ba gangare. Tsakaninsa da ɗaki, ko danga, ko zana, ko rumbu, ko tarin kara da harawa, ko mota da babur, ya kai aƙalla mita 3, watau wajen ƙafa 10. Inda akwai rufin ciyawa a ƙara nisa.

A ɗaga kai a dubi sama. Kada a girka shi ƙarƙashin rumfa, ko reshen itace, ko wayar lantarki, ko igiyar shanya. A juya bakinsa ya ba iska baya. Da yake iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ya fi kyau bakin ya dubi kudu ko yamma. Ranar da iska ta yi ƙarfi, a haƙura da hura wuta gaba ɗaya.

Wutar Farko

Kafin a hura wuta a murhun yumɓu, a zuba busasshen yashi ko tsakuwa a cikinsa, kaurin santimita 5 zuwa 8, watau inci 2 zuwa 3, domin kada garwashi ya zauna a kan yumɓun kai tsaye. Sabon murhu ba a fara shi da babbar wuta. A hura 'yar ƙarama da ƙirare, a bar ta ta mutu da kanta, murhun ya huce sarai. A maimaita haka sau uku ko huɗu, kowane karo ana ɗan ƙara itace. Wannan yana fitar da sauran laimar da ke cikin yumɓun, ya saba masa da zafi. Murhun da ruwa ya jiƙa, sai ya bushe sosai kafin a sa masa wuta, domin ruwan da ya shige shi yakan zama tururi ya tsaga shi.

Abin Hurawa

Busasshen itace mai tauri, irin su marke da ƙirya, shi ne ya fi dacewa. A faskara shi gajeru yadda zai shige ciki duka, kada wani ya leƙo waje. Ɗanyen itace hayaƙi kawai yake yi, saran itatuwa masu rai kuwa yana taimaka wa hamada ta ci ƙasa. Gawayi ya fi itace zafi, saboda haka a bar shi ga murhun ƙarfen zubi. Yana iya fasa na yumɓu.

Kada a ƙona leda, ko roba, ko tsohuwar taya, ko katako mai fenti, ko wanda aka shafa wa maganin gara, domin hayaƙinsu yana da guba. Takardu da busassun ganyaye masu yawa sukan tashi sama da wuta a jikinsu su sauka a kan rufin maƙwabta.

Faufau kada a hura wuta da fetur. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana malala a ƙasa ba a ganinsa, da zarar ya iske wuta sai ya kama gaba ɗaya, ya biyo har zuwa galan ɗin da ke hannun mai zubawa. Kananzir ma kada a zuba shi a kan wuta mai ci ko garwashi, balle wanda aka gauraya da fetur. Ƙirare da ashana sun isa.

Sa'ad da Wuta Take Ci

Wuta ta zama daidai cikin murhu. Idan aka ga harshenta yana fita ta wuya, ta yi yawa, a daina ƙara itace. Lalle ne wani babba ya kasance a wurin tun daga hurawa har zuwa mutuwarta. A shata wa yara iyaka ta aƙalla mita 1 daga murhun, kada a bar su su yi guje-guje kusa da shi, a kuma nisanta awaki da kaji. Masu babbar riga da mayafi su tattare tufafinsu kafin su sunkuya, musamman tufafin nailan, waɗanda sukan narke su manne a fata. A gyara itace da dogon ƙarfe ko awartaki. Kada a kuskura a ɗaga murhu ko a ja shi alhali da wuta a ciki. Bokitin yashi da bokitin ruwa da shebur su kasance kusa kullum.

Guba Marar Wari

Haɗarin da ya fi kowanne ɓoyuwa shi ne shigar da wuta cikin ɗaki. Itace da gawayi idan suna ci sukan fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan mutum ya shaƙe ta, sai ta kama jininsa, kamun da ya fi na iskar oksijin ƙarfi fiye da sau 200, ta hana jinin kai oksijin ga ƙwaƙwalwa da zuciya.

Mutane da yawa suna zaton idan garwashi ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, to ba sauran illa, sai su shiga da kasko ɗaki su rufe ƙofa. Wannan kuskure ne da ya hallaka iyalai a cikin barcinsu. Garwashin da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar, buɗe taga kaɗan kuma ba ya ba da tabbacin tsira. Jarirai da mata masu ciki da masu jego da tsofaffi da masu ciwon zuciya su ne ta fi saurin kayarwa. Saboda haka ciminiya ko kaskon gawayi kada su shiga ɗaki, ko shago, ko zaure, ko tanti. Ɗumin cikin ɗaki a neme shi ta bargo da rigar sanyi da hula da safa.

Alamunta su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, da ruɗewa. Suna kama da na zazzaɓi, amma idan mutane biyu ko uku a ɗaki guda suka kamu a lokaci guda, a yi zargin wannan guba. A fitar da kowa waje nan da nan, a buɗe ƙofofi da tagogi, a garzaya asibiti ko da an ga sun farfaɗo.

Kashewa da Ajiya

A daina sa itace tun da sauran lokaci kafin a tashi, a bar wutar ta cinye. Idan ana gaggawa a rufe ta da yashi. Kada a kwara wa murhu mai zafi ruwa, gama na yumɓu zai tsage nan take, na ƙarfen zubi ma yana iya tsagewa. Toka takan ɓoye garwashi mai rai har kwana guda ko fiye. A kwashe ta da shebur a zuba a bokitin ƙarfe, a jiƙa ta da ruwa, kada a zubar a juji ko gindin danga.

Bayan murhu ya huce sarai, a sa masa murfinsa a lulluɓe shi. Da damina a ajiye shi inda ruwa ba ya taɓa shi. Wajen ɗauka, mutum biyu su tallafo shi ta gindi, kada a kama wuya. Na ƙarfe a kankare masa tsatsa, a shafa masa fenti mai jure zafi. Kafin kowace hurawa a duba tsaga. Murhun da tsagarsa ta ratsa daga ciki zuwa waje ya gama aiki.

Idan Tsautsayi Ya Auku

Wanda tufafinsa suka kama wuta kada ya ruga, domin gudu yana ƙara mata iska. Ya kwanta ƙasa ya yi ta birgima, na kusa su lulluɓe shi da bargo. A zuba wa ƙuna ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi har tsawon minti 20. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, amma kada a fizge tufar da ta manne. Kada a shafa manja, ko gishiri, ko ƙwai, ko man goge baki, kada kuma a fasa bororo. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti, musamman idan yaro ne, ko kuwa ƙunar ta shafi fuska ko hannu ko wuri mai faɗi.

Idan wuta ta kama rufi, a fara fitar da mutane kafin kaya, a yi kururuwa maƙwabta su ji, a kira 'yan kwana-kwana. Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, wadda dokar 1963 ta kafa, da hukumomin kashe gobara na jihohi, domin wannan aiki suke. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Ya kamata kowane mai gida ya riƙe lambar tashar kashe gobara mafi kusa da shi.

Kammalawa

Gobara ba ta san iyakar gida ba. Wadda ta tashi a gidan mutum guda tana iya cinye unguwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ana roƙon masu unguwanni da dagatai da malaman makaranta da shugabannin kasuwa su yaɗa wannan bayani tun kafin sanyi ya kankama. Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa waɗanda ba su sami damar karantawa ba. Rigakafi ya fi magani.