Sabon shiga a ayarin tsofaffin hannu: Tambayar da ke raba kan masu wasan Dungeons & Dragons

A ce abokai biyar sun shafe wata takwas suna haɗuwa kowace Asabar a kan teburi guda, jarumansu sun kai mataki na bakwai. Rannan sai dodo ya kashe jarumin ɗaya daga cikinsu. Mako mai zuwa zai dawo da sabon jarumi, to daga wane mataki zai fara? Daga na ɗaya, ko daidai da abokansa?

Masu wasan Dungeons & Dragons sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan tambaya, domin amsarta kan sa mutum ya ci gaba da zuwa, ko ya ɗauke ƙafa.

Yadda wasan yake

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙiro wasan, wanda kamfanin TSR ya fara bugawa a Amurka a 1974. Ba a buƙatar kwamfuta. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke ba da labari, sauran kuma kowa na riƙe da jarumi guda: mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo. Idan jarumi zai kai sara ko ya tsallake rami, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20.

Duk nasarar da aka samu tana kawo maki, makin kuma ke ɗaga jarumi daga mataki zuwa mataki. A bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, matakan 20 ne.

Inda gizo ke saƙar

A wannan bugu, matsafi ɗan mataki na ɗaya kan fara da makin rai kamar takwas, yayin da mayaƙi ɗan mataki na bakwai kan kai kusan 60. Akwai wani sanannen tsafi na dunƙulen wuta da ke cin maki 28 a matsakaici. Idan ya sauka a kan ayarin, mayaƙin zai karkaɗe rigarsa ya ci gaba da faɗa, sabon shiga kuwa yana iya mutuwa nan take.

Jagora na tsaka mai wuya ke nan. In ya kawo ƙananan abokan gaba, manya su gaji da hamma. In ya kawo manya, ƙaramin ya koma ɗan kallo a bayan dutse har a tashi.

Dabarar mutanen farko

A shekarun farko ba a ɗauki wannan a bakin komai ba. Jarumai na mutuwa a kai a kai, kuma kowane rukuni da nasa farashin. A bugun 1981, ɓarawo na buƙatar maki 1,200 ya kai mataki na biyu, mayaƙi 2,000, matsafi 2,500. Da wuya a samu ayarin da kowa yake daidai da kowa.

Lissafin ne ke ceton sabon shiga, domin makin da ake buƙata ninkawa yake yi: mayaƙi na hawa a 2,000, sai 4,000, 8,000, 16,000, 32,000, sannan 64,000. Saboda haka idan tsohon hannu yana mataki na shida da maki 32,000, kafin ya tara wasu 32,000 ya shiga na bakwai, wanda ya fara daga sifili tare da shi ya riga ya iso na shida, muddin ana raba ganima daidai. Aikinsa kawai ya tsira da ransa, ya riƙe fitila, ya yi harbi daga nesa.

Da dokoki suka sauya

Bugu na uku, na shekarar 2000, ya faɗaɗa tazarar. Kowane mataki na ƙara wa mayaƙi maki ɗaya a iya kai sara, har dodon da ya dace da manya ya zama ƙaramin ba ya ko iya taɓa shi. Gyaran da aka yi a 2003 ya tanadi cewa wanda ke ƙasa ya samu maki fiye da na sauran a faɗa guda, don ya kamo su.

Bugu na biyar ya bi wata hanya. Ƙarin ƙwarewa na farawa daga biyu, ba ya wuce shida ko a ƙololuwa. Sabon shiga na iya samun dodo da sara, ko da yake jikinsa ba ya ɗaukar duka.

A wasannin da kamfanin Wizards of the Coast ke tsarawa a shaguna da taruka ƙarƙashin Adventurers League, an kasa matakan gida huɗu: 1 zuwa 4, 5 zuwa 10, 11 zuwa 16, sai 17 zuwa 20. Ana iya cakuɗuwa a cikin gida ɗaya, amma ɗan mataki na biyu ba ya zama da ɗan na tara.

Ra'ayi ya rabu

Masu goyon bayan a fara daga ƙasa na cewa idan mutuwa ba ta jawo asara, to haɗari ya zama wasan yara. Sukan kawo misali da littafin The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, inda Frodo, wanda ba gwanin takobi ba ne, ya yi tafiya da Gandalf da Aragorn, kuma shi ne ya ɗauki zoben.

Ɗaya ɓangaren na cewa marubuci ne ke kare Frodo, ƙwaya kuwa ba ta san na gida ba. Sun ƙara da cewa wanda aiki ko jinya ta hana shi zuwa na 'yan makonni bai kamata a hukunta shi da koma baya ba. Shi ya sa jagorori da dama suka daina ƙirga maki, sai su ɗaga kowa tare idan an kai wata gaɓa a labari.

Wasu kuma na bin tsaka-tsaki: sabon jarumi ya fara da mataki ɗaya ƙasa da na sauran, a kuma ba shi abin da ayarin ba zai iya yi ba sai da shi, kamar sanin hanya ko jin harshen garin da za a shiga. Abin da gogaggun jagorori suka fi nanatawa shi ne a yanke wannan shawara tun zaman farko, kafin jarumin kowa ya faɗi.