Agogon Cikin Tanderu da Zafin Ƙasarmu

Duk wanda ya bi hanya daga Talata Mafara zuwa Bakura ko Maradun ya saba ganin dogayen ƙarafunan sabis. A watan Satumba na 1997 ba a san su ba, domin wayar salula ta GSM ba ta shigo Nijeriya ba sai a 2001. Amma a Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Jihar Zamfara, kowa ya gane matsayinsu a rayuwarsa. To, a gindin irin wannan ƙarfe akwai wani agogo wanda ba shi da fuska balle hannu, kuma idan ya kauce, kiran waya ya riƙa yankewa ke nan.

Zuciyar agogon wani ɗan yanki ne na farin dutse mai ƙyalli da ake kira kwaz. Idan aka ba shi lantarki sai ya riƙa kaɗawa a kan ƙa'ida. Na cikin agogon hannu yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, na ma'aunin sadarwa kuwa galibi sau miliyan 10. Dokar GSM ta ce kada kuskuren tasha ya wuce kashi 5 cikin miliyan 100, wato rabin kaɗawa ɗaya tak cikin miliyan 10 ɗin nan. In da agogon bango ne, bai fi ya yi kuskuren kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi a shekara ba.

Babban abokin gabar dutsen shi ne sauyin zafi. An yi agogon hannu ne domin digiri 25 na ma'aunin Salsiyos. In ya sha zafin digiri 45, yakan yi lattin fiye da daƙiƙa ɗaya a kwana. Saboda haka sai masana suka saka dutsen sadarwa cikin wani ɗan ƙaramin tanderu na lantarki, wanda ke riƙe shi a zafi guda, tsakanin digiri 70 zuwa 90. Sa'an nan suka haɗa shi da taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kilomita 20,200 ɗauke da agogunan atam. Kowace daƙiƙa na'ura tana gwada dutsen da saƙon tauraro, tana yi masa gyara.

Mai karatu zai ce, ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Saƙon tauraro amintacce ne a kan dogon lokaci, amma daga daƙiƙa zuwa daƙiƙa yana rawa, saboda sararin da yake ratsowa. Mu ma muna da namu ƙarin, domin muna kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, inda saman sararin samaniya kan hargitse bayan faɗuwar rana. Don haka na'urar ba ta gaskata saƙo ɗaya. Sai ta tara na mintoci masu yawa kafin ta taɓa dutsen. A cikin waɗannan mintoci dutsen shi kaɗai ke riƙe da lokaci. Idan aka buɗe ƙofa iskar hunturu ta buso, ko na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya da ɗaukewar wuta, zafi zai sauya da gaggawa, tanderun ya ɗan makara, kaɗawar ta kauce tun gyara bai iso ba.

Nan ne lulluɓi yake da amfani. Aikinsa shi ne ya rage saurin sauyin, har ya zama tafiyar da tauraro zai iya bi. Magabatanmu sun san wannan sirri: soron ƙasa mai kaurin bango ba ya ɗumama da hantsi kamar ɗakin kwano. Haka ruwan madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, shekarar da aka harba tauraron GPS na farko. Kwalta za ta ƙona ƙafa da azahar, ruwan bai ko motsa ba. Abu biyu ne ke aiki tare: soso ko auduga mai tare zafi, irin na kular abinci, da jiki mai nauyi, kamar dunƙulen ƙarfe, mai jinkirin ɗaukar zafi. Idan saƙon tauraro ya ɓace na wasu awoyi, wannan kariya ce ke rage yawan kaucewar agogon.

Sai dai a nan ya kamata ɗalibanmu na fasaha, irin na Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara, su yi hattara da shawarar mutanen ƙasashen sanyi. Tanderun nan ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. Yana daidaita kansa ne ta hanyar zubar da rarar zafi zuwa waje. A watan Afrilu, da zafin inuwa kan haura digiri 40, ɗakin ƙarfe ya fi haka nesa. In aka naɗe na'urar da soso mai kauri a irin wannan ɗaki, zafin da sauran kayan cikinta ke fitarwa ba shi da mafita; sai ya wuce ƙa'idar tanderun, ya kashe kansa ya zura ido, dutsen ya koma bin yanayi. A ganina, ƙarfe mai kauri da siririn lulluɓi mai tare iska sun fi dacewa da mu, kuma a auna zafin cikin akwatin da tsakar ranar bazara kafin a rufe shi.