Kuɗin Turai da Ruwan Tiga: Wa Zai Tsare Tsuntsayen Fadamar Haɗeja da Nguru?

Kowace shekara, da damina ta ɗauke, sanyi ya fara kunno kai, tsuntsayen da aka ƙyanƙyashe a Turai da arewacin Asiya kan ƙetaro Sahara su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru. A nan suke tarar da 'yan gida: dinya, kirinjijiya, zalɓe, har da gauraka idan an dace. Wannan taron ne ya jawo kuɗin waje. A 1987 aka kafa shirin kare fadamar, da hannun ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila RSPB, da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, wato NCF. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya taka har Dagona a ƙasar Bade. A shekarar 2000 kuma Tafkin Nguru ya shiga jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta ɗauka da muhimmanci.

Me ya sa Bature zai cire kuɗi daga aljihunsa saboda agwagwar da ke Yobe? Saboda a ganinsa tasa ce. Ya gan ta da tabaron hangen nesa a tafkin garinsu lokacin zafinsu, kuma ya san idan masaukinta na Afirka ya ƙafe ba za ta koma masa ba. RSPB kaɗai tana da mambobi fiye da miliyan ɗaya, yawancinsu ɗan abin da suke bayarwa wata-wata ne ke riƙe da ita. Kallo ne ya haifi so, so ya buɗe aljihu.

Kada mu raina abin da wannan kuɗi ya yi. Da shi aka riƙa ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairu, aka horar da masu gadin daji, aka kuma tara hujjar cewa ambaliyar da ke malala a fadama arziki ce ga manomin shinkafa da masunci da makiyayi. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI, wadda ke dajin Amurum a gefen Jos, ita ma kyautar attajiri A. P. Leventis ce ta tsayar da ita, kuma ta yaye ɗalibai masu digiri na biyu daga ƙasashen Afirka da dama. Daga can ne aka fara aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, inda matasa ke fita da waya a hannu, su rubuta duk tsuntsun da suka gani a yankinsu. A ganina wannan ne babban sauyi: mai kallon ba baƙo ba ne kuma, ɗan gari ne.

To amma kuɗin taimako yana da wa'adi. Shiri kan zo da motoci da ofis, ya yi shekarunsa ya nannaɗe tabarma. Baƙin da ke zuwa kallo su ma ƙafarsu ta ɗauke tun da rikicin Boko Haram ya taɓa Yobe, ɗan abin da mai kwalekwale da ɗan jagora ke samu ya tafi tare da su.

Babbar matsalar ma ba ta kuɗi ba ce, ta ruwa ce. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukkansu a Jihar Kano, a kan kogunan da ke ciyar da fadamar. Kafin nan kogi kan cika ya tumbatsa da damina, ya janye da rani, ƙasa ta sha iska. Bayan madatsun, ambaliyar ta ragu, wasu magudanan kuma suka koma riƙe ruwa kusan duk shekara. Wannan yanayi shi kachala ke so. Ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa irin na Marma, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zame wa tsuntsun janbaki maɓoya. Wanda ya kwana a gona yana kaɗa gwangwani don korar janbaki daga shinkafarsa, da wane baki za ka ce masa ya ba da gudummawa don tsuntsu? A wajensa tsuntsu ɓarna ne, kuma yana da gaskiyarsa. Duk wani shirin da bai fara da buɗe masa magudanar ruwa ba, manomin zai saurare shi ne kawai don kunya.

Akwai kuma abin da kuɗin waje bai cika waiwaya da wuri ba, wato tsuntsun da ba ya zuwa Turai. Wanda ya girma a Arewa ya san yadda ungulu ke cika mahauta da bakin kasuwa a da. Yau sai ka yi wata da watanni ba ka ga ko ɗaya ba. Tun 2015 IUCN ta sa ungulun da muka saba gani cikin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma guba da cinikin sassan jikinta don tsibbu na cikin manyan dalilai. Tana ɓacewa a gaban idonmu.

Ban yarda cewa mutanenmu ba su damu da tsuntsu ba. Shamuwa takan yi sheƙa a bishiyar tsakar gida ba mai taɓa ta, domin zuwanta albishir ne na damina. Ban yarda kuma ba mu da hannun kyauta ba. Masallatai da rijiyoyin da aka gina da karo-karo sun isa shaida. Abin da ya rage shi ne a nuna wa mai bayarwa cewa yanke kachala da yashe magudana taimakon talaka ne kafin ya zama taimakon agwagwa.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tsara sakin ruwan Tiga da Challawa da shawarar mutanen fadama, gwamnatocin Jigawa da Yobe su sa aikin kachala a kasafin kowace shekara. Attajiranmu su ɗauki nauyin ƙidayar Janairu da albashin 'yan jagora a fadamun Dagona da Baturiya. Malaman makarantun Haɗeja, Nguru da Gashuwa kuma su fita da ɗalibansu bakin ruwa a sanyin bana, su koya musu sunan kowane tsuntsu da Hausa.