KAZA BA TA SAN NETWOK YA TSAYA BA

Duk wanda ya tambaye ni shawarar fara kiwon kaji ko tarwaɗa a ƙasar Daura, nakan ce masa: kafin ka gina keji, tsara yadda kuɗi zai riƙa shigo maka.

Ku tuna farkon 2023. Babban Bankin Najeriya ya canza takardun 200 da 500 da 1000, ya kuma ƙayyade kuɗin da mutum zai cire a mako. Tsabar kuɗi ta ɓace. Masu shayi da masu shaguna suka rage sayen ƙwai, saboda kwastomominsu ba su da ko ɗari biyu a aljihu. A watan Maris na shekarar, ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa ta ce an yi asarar sama da kiret miliyan 15 na ƙwai.

Dalili kuwa a fili yake. Kaji 100 masu ƙwai suna cinye buhu mai kilo 25 cikin kwana biyu, ko ka sayar ko ba ka sayar ba. Ƙwai kuma ba ya jimiri a zafinmu.

Tun daga lokacin ciniki ya koma waya. Daga Daura har Mai'aduwa da Zango, Opay da Moniepoint sun shiga kasuwa, matasa da yawa sun samu sana'ar POS.

Ga abin da nake ba ku shawara:

1. Buɗe asusun gona daban da na cefane. Nan za ka gane ko riba kake ci ko uwar kuɗi, kuma shi za ka nuna ranar neman rance.
2. Riƙe asusu biyu a wurare daban. In wannan ya tsaya, wancan ya yi.
3. Kar ka saki kaya don an nuna maka risit a waya. Duba asusunka da idonka.
4. Ajiye tsabar kuɗin abincin mako guda, don mai masara a ƙauye yakan ce sai kuɗi hannu.
5. Mai kifi, koyi banda. Kyafaffen kifi yana jiran kasuwa, ɗanye kuwa sai ka karyar.

Ku fa, yaya kuke karɓar kuɗin kayanku a garuruwanku? Allah Ya sa wa kiwonmu albarka.