Abin da Ya Haɗa Kamfas ɗin Wayarka da Murhu Mai Shekara 5,000

Duk lokacin da ka buɗe Google Maps kibiyar nan ta nuna inda ka fuskanta, wata 'yar na'ura ce a cikin wayarka ke auna maganaɗisun duniya. Masu binciken kayan tarihi na amfani da irinta, amma wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, wajen gano murhun mutanen da suka rayu dubban shekaru da suka wuce.

Misali mafi shahara yana tsibiran Orkney, a arewacin Sikotilan. A shekarar 1850, guguwa ta yaye rairayin gaɓar teku, sai ga ƙauyen Skara Brae. Gidajensa na dutse ne, kuma a tsakiyar kowane ɗaki akwai murhu mai kusurwa huɗu, gadajen dutse na gefe. Tsibiran ba su da bishiyoyi sosai, shi ya sa masana ke ganin mazauna sun riƙa hura wuta da busasshiyar ciyawar teku, kashin dabbobi da itacen da ruwa ya koro.

Gini na 8 ya fita daban: babu gado, sai tarin ɓaraguzan wani dutse mai kama da na ƙyastu, da duwatsun da wuta ta ƙona. Ana ganin wurin sana'a ne, inda ake gasa dutsen don ya yi sauƙin fasawa a fitar da kaifi.

To, yaushe aka yi wannan rayuwa? Gordon Childe, wanda ya haƙa wurin a ƙarshen shekarun 1920, ya yi hasashen kusan shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Gwajin kabon-14 a shekarun 1970 ya rushe wannan lissafi: an zauna a ƙauyen daga wajen 3100 zuwa 2500, wato an kafa shi tun kafin a gina manyan dalolin Giza na Masar.

Wuta ma tana ajiye bayanai, kamar katin memori. Idan ƙasa ta yi zafin kusan digiri 600, ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinta sukan daidaita da maganaɗisun duniya, kuma in ta huce su tsaya a haka. Saboda haka na'urar kan hango murhu a ƙarƙashin gona ba tare da an sa fartanya ba. Kuma tunda alkiblar maganaɗisun na sauyawa a hankali, samfurin ƙasar murhun kan taimaka wajen sanin lokacin da aka hura wutar ƙarshe. An yi irin wannan gwaji a Ness of Brodgar, kilomita kaɗan daga Skara Brae, inda aka kammala haƙa a 2024.

Kana son gwadawa? Sauke manhajar auna maganaɗisu, ka kusantar da wayarka ga ƙofar ƙarfe, ka ga yadda lambobin za su yi tsalle. Ba za ta gano maka tsohon murhu ba, amma dabarar ɗaya ce.